Sabon Inji a Tsohuwar Motar Tsere: LS, Coyote, Silinda Huɗu ko 2JZ?

Duk wanda ya mallaki tsohuwar motar tsere irin su MGB, Triumph TR6, Datsun 240Z ko kwaikwayon Cobra, ya kuma gaji da kafireta mai gardama da safe da inji mai ɗigar baƙin mai, wata rana zai fara tunanin sa mata injin zamani. Dabarar ta daɗe. A 1962 Carroll Shelby ya ɗauki jikin AC Ace ta Ingila ya cusa masa V8 na Ford, wato inji mai silinda takwas, aka samu Cobra. Kamfanin MG ma da kansa ya sa wa MGB GT injin Rover V8 daga 1973 zuwa 1976. Abin da ya sauya yanzu shi ne yawan injinan da za a zaɓa daga ciki, kuma yawan nan ne ke rikita mutane.

Galibi mai mota yakan fara da tambayar ƙarfin doki nawa injin ke bayarwa. A ganina wannan ce tambayar ƙarshe. Jikin motar da ke hannunka shi ne zai zaɓi inji: faɗin gurbinsa, nauyin da zai iya ɗauka, da ƙarfin da zai jure ba tare da ya murɗe ba. MGB ta fito da ƙarfin doki 95, nauyinta wajen tan ɗaya. 240Z ta fito da doki 151. Idan ka ninka wannan sau biyu, motar ta riga ta zama wata aba daban a hannunka. Idan ka ninka sau huɗu, to ka shiga aikin sake gina mota ne gaba ɗaya, ko ka shirya ko ba ka shirya ba.

Abubuwan da za a duba

Na farko gurbi da nauyi. Kafin ka kashe ko sisi, ɗauki awo: tsawon gurbin daga bangon da ke gaban ƙafar direba zuwa lagireto, faɗinsa tsakanin ƙarafan gefe, da tsayinsa daga ƙarfen da ya gitta ƙasa zuwa bonet. Wurare uku ne suka fi kawo cikas: kaskon baƙin mai da ke karo da ƙarfen ƙasa, bututun hayaƙi da ke karo da sandar sitiyari, da saman inji da ke taɓa bonet. Nauyi kuwa, ba yawansa kaɗai ake dubawa ba, har da inda ya zauna. Injin da ya leƙo gaban tayoyin gaba zai sa mota ta riƙa ƙin bin kwana, sitiyari ya yi tauri, alhali sauƙin sarrafawa shi ne dalilin da ya sa ake son waɗannan motoci tun farko.

Na biyu giya da duk abin da ke bayanta. Tsofaffin motocin nan tayoyin baya ke ja, don haka injin da aka ƙera a kwance, wato a gicciye, don jan gaba sai an juya shi an nemo masa akwatin giyar da ba tasa ba. Daga nan sai kuloci, firofela da za a yanka daidai tsawo, da aksul ɗin baya. Wannan layi ne mutane suke mantawa da shi a lissafi.

Na uku wuta da kwamfuta. Injin zamani ba ya tashi sai kwamfutarsa ta yarda, kuma da yawa an ɗaure su da makulli na hana sata da sauran na'urorin motar da suka fito daga ciki. Ko dai a cire wannan ɗauri daga kwamfutar asali, ko a sayi kwamfuta mai cin gashin kanta irin ta Haltech, Holley ko Link a biya gwani ya saita ta. Haka nan mai: kafireta na aiki da matsi kaɗan, ƙasa da 10 a ma'aunin matsi na psi, amma injakta na bukatar sama da 40, injin LS na kamfanin General Motors (GM) ma 58 yake so. Wato sabon famfo, sabbin bututai, kuma sau da yawa sabon tanki.

Sai kuɗi, ina nufin kuɗin aikin duka har motar ta hau titi. Sai ƙarko da samuwar kayan gyara. Sai kuma haɗari, wanda ya haɗa da doka, inshora da darajar motar ranar da za ka sayar.

GM LS: V8 da kowa ya san kansa

LS1 ya fara fitowa a Corvette a 1997, lita 5.7, doki 345, jikinsa na alminiyom. Daga baya iyalin ya bazu zuwa miliyoyin motocin ɗaukar kaya na Chevrolet da GMC a girman lita 4.8, 5.3 da 6.0, yawancinsu da jikin baƙin ƙarfe. LS3 mai lita 6.2 kuwa ana sayar da shi sabo fil a akwati, yana ba da doki 430 da ƙarfin murɗa wajen 575 a ma'aunin Nm.

Abin da ya ɗaukaka shi ƙanƙantarsa ce. Kamshaf ɗaya gare shi a tsakiyar jiki, yana tura bawul da sanduna, saboda haka kawunansa ƙanana ne kuma bai da tsayi. Shi ya sa yake shiga 240Z cikin sauƙin da zai ba ka mamaki, ya zauna can baya kusa da bango, tunda ya fi injin asali mai silinda shida a jere gajarta. Kujerun inji, kaskon mai iri-iri, bututun hayaƙi, wayoyin da aka riga aka haɗa, duk akwai masu ƙera su don motoci da yawa. Matsalar da za ka ci karo da ita, wani ya riga ya warware ta shekaru da suka wuce.

Wajen kuɗi akwai tarko. Injin 5.3 na hannu yana cikin mafi arahar V8 da za a samu, amma sabon akwatin giya mai hawa shida irin Tremec T56 Magnum yakan fi shi tsada nesa ba kusa ba. Kuma na baƙin ƙarfen ya fi na alminiyom nauyi da kilo masu yawa, a ƙaramar mota za ka ji su. A kula da nau'in 5.3 na baya-bayan nan masu kashe silinda huɗu don tsimin mai. Abin da ke ɗaga bawul a cikinsu ya yi suna wajen lalacewa, masu aikin da yawa sukan cire tsarin baki ɗaya kafin su ɗora injin.

Haɗarinsa ƙarfin murɗarsa ne, wanda ke zuwa tun daga ƙasa-ƙasa. A 240Z, ƙaramin aksul na R180 ba ya daɗewa, sai an koma R200 ko abin da ya fi shi, a ƙarfafa inda yake zaune, a yi wa ƙasan motar waldar ƙarin ƙarafa. A MGB kuwa, ni dai ina ganin LS3 wuce gona da iri ne. Za a iya yi, an kuma yi, amma abin da ya rage na MG a ƙarshe bai wuce fatar jiki da tambari ba.

Ford Coyote 5.0

Ya fito a Mustang GT ta 2011 da doki 412, ya kai 435 a 2015, sannan 460 a 2018. Kamshaf huɗu gare shi a sama, yana son juyi har ya haura 7,000 a minti, kuma kukansa a can sama abin so ne. Ford na sayar da shi a akwati tare da kunshin kwamfuta, wayoyi da totur, don haka ɓangaren wuta bai da wahala idan sabo ka saya. Akwai kuma na F-150 mai sauƙin kuɗi, wanda aka saita don ja.

Damuwarsa ɗaya ce amma babba: faɗi. Kawunan nan masu kamshaf biyu-biyu sun sa ya fi LS faɗi sosai. Ko a tsohuwar Mustang ta tsakiyar shekarun 1960 sai an yanke hasumiyar shokozoba an sake tsarin ƙafafun gaba kafin ya zauna. A ƙananan motocin Ingila kada ma ka fara. Inda ya dace shi ne kwaikwayon Cobra mai shasin bututu, irin wanda Factory Five ke ƙerawa a Amurka, tunda an tanadi gurbinsa tun a zane, kuma inji na Ford a jikin Cobra ba ya rage mata daraja a idon mai saye. Kuɗinsa ya fi na LS a kusan kowane mataki. Yana da ƙarko.

Silinda huɗu: Honda da Mazda

Nan ne nake ganin yawancin masu ƙananan motoci ya kamata su tsaya su yi dogon nazari, domin nan ne ake samun riba mafi yawa da ɓarna mafi ƙaranci. Injin asali na MGB baƙin ƙarfe ne daga sama har ƙasa, mai nauyin gaske in an kwatanta da ƙarfinsa. Idan ka cire shi ka sa na alminiyom, hancin motar ya yi sauƙi, sitiyari ya saki, ga ƙarfi ya ninku.

Hanya mafi sauƙi ita ce injin lita 2.0 na Mazda MX-5 ƙarni na uku, wadda aka ƙera daga 2005 zuwa 2015. Asalinsa ɗaya da Duratec na Ford, wanda Caterham ke sa wa motocinta. Yana ba da doki 160 zuwa 170, kuma da ma a tsaye yake, wato a miƙe daga gaba zuwa baya, don jan baya, da akwatin giyarsa mai daɗin canji. Wanda ya sayi MX-5 da ta yi hatsari ta baya ko gefe ya samu inji, giya, kwamfuta, wayoyi, makulli da famfon mai a tashi ɗaya, kuma duk sun san juna. Wannan dabara ta sayen mota sukutum a cire kayanta ta fi tsintar kaya ɗaya-ɗaya araha kusan kullum, a kowane inji ma.

Honda F20C na S2000, wadda ta fito a 1999, shi ne ɗan gaban goshi: lita 2.0 ba turbo, doki 240, yana juyi har 9,000, da giya mai hawa shida da ake yabo ko'ina. Sai dai ƙarfinsa yana can sama, cikarsa a juyi 8,300, a ƙasa kuwa ba ya da wani ja na a-zo-a-gani. Wanda ke son tuƙin nishaɗi da yawan canza giya zai so shi. Wanda ke son taka totur a giya ta huɗu mota ta zabura zai ji haushi. An daina ƙera S2000 a 2009, don haka injin ya yi ƙaranci, ya yi tsada, kuma kusan duk wanda za ka samu ya sha wuya a hannun masu shi na baya.

K24 shi ne maganin wannan. Lita 2.4, yana cikin Accord da CR-V da ba su ƙidayuwa, nau'insa na Acura TSX na ba da doki wajen 200, yana da sarƙar taimin, kuma yana ja tun daga ƙasa. Injin da kansa araha ne. Amma a kwance aka ƙera shi, don haka sai an sayi faifan haɗi zuwa giyar MX-5 ko ta BMW, sabon kaskon mai, bakin shan iska da ya juya daidai, da gyaran hanyar ruwa da ke fitowa ta baya. Yana kuma da tsayi, bonet mai kwanciya na iya ƙin rufuwa. Kayan haɗin nan sukan ci kuɗin da ya fi na injin.

Haɗarin wannan rukuni kaɗan ne, tunda aksul da jikin mota ba sa shan azaba kamar a V8. Abin da za ka rasa shi ne murya. Mai TR6 ko 240Z da ya saba da kukan silinda shida zai iya jin kamar an rage wa motarsa wani abu, ko da ta fi gudu.

Toyota 2JZ da ɗan'uwansa na Nissan

2JZ-GTE na Supra ta 1993 zuwa 2002 lita 3.0 ne, silinda shida a jere, turbo biyu, doki 276 a takardar Japan, 320 a Amurka. Jikinsa na baƙin ƙarfe ya yi suna wajen jure ƙarin matsi fiye da yadda aka ƙera shi, abin da ya jawo masa farin jini da tsada ke nan. A 240Z yana shiga, tunda gurbin da ma na dogon inji ne, kuma yana riƙe mata halinta na silinda shida. Masu kishin Nissan sukan fi son RB26 na Skyline GT-R, sai dai shi daga mota mai jan ƙafa huɗu ya fito, kaskon mansa haɗe yake da giyar tayoyin gaba, dole a canza.

2JZ-GTE yana cikin mafi nauyi a jerin nan idan an haɗa turbo da bututansa, kuma nauyin ya miƙe zuwa gaba. Ga zafi: turbo, na'urar sanyaya iska da babban lagireto duk suna neman wuri a hancin da aka zana don ƙaramin lagireto kaɗai. Giyarsa ta asali, Getrag V160, ta yi tsadar da mutane da yawa ke komawa CD009 na Nissan 350Z da faifan haɗi. Sannan kiran sa injin zamani ma da ɗan ƙari. Duk wanda ka samu ya tsufa, sai an canza bel ɗin taimin, famfon ruwa, robobi da wayoyin da suka bushe. Nau'in da ba turbo, 2JZ-GE na Lexus IS300 da GS300, doki ɗari biyu da 'yan kai yake bayarwa a kuɗi kaɗan, amma ɗaukar wannan nauyi don wannan ƙarfi ciniki ne da ban ga ribarsa ba.

| Inji | Ƙarfin doki | Kuɗin aiki duka | Ƙarko | Sauƙin sawa | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| LS 5.3 na hannu | wajen 300 | matsakaici | sosai | mai sauƙi | nauyi, karya aksul |
| LS3 sabo | 430 | mai yawa | sosai | mai sauƙi | ya fi ƙarfin ƙaramin jiki |
| Coyote 5.0 | 412 zuwa 460 | mai yawa | sosai | sai gurbi mai faɗi | yanke jikin mota |
| Mazda 2.0 | 160 zuwa 170 | kaɗan | mai kyau | mafi sauƙi | ƙarfin na iya yi maka kaɗan |
| Honda K24 | wajen 200 | matsakaici | sosai | sai kayan haɗi | tsayi, kuɗin haɗi |
| Honda F20C | 240 | mai yawa | ya danganta da tarihinsa | mai sauƙi | ƙaranci, gajiyayyen inji |
| 2JZ-GTE | 276 zuwa 320 | mafi yawa | sosai bayan gyara | da wuya | nauyi, zafi |

Abin da babu injin da zai raba ka da shi

Tsatsa ce farko. MGB da 240Z ba su da shasi daban, jikin ne ke ɗauke da komai, don haka ruɓaɓɓen ƙarfe a ƙarƙashin ƙofa ko a ƙasan bene yana nufin motar ta yi rauni tun kafin a ƙara mata doki ɗaya. A gama walda kafin a sayi inji. Mutane da yawa sukan yi akasin haka don inji ne ke da daɗin saye, sai ya shekara a gefe ana neman kuɗin mai walda. Bayan haka birki, tayoyi da shokozoba, su ma kafin inji. Birki mai ganga a baya da ƙaramin faifai a gaba an auna su ne da gudun shekarun 1960.

Doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma tana iya yanke maka hukunci kafin awo ya yanke. A jihar Kalifoniya ta Amurka, motocin fetur na 1975 zuwa baya ba sa zuwa gwajin hayaƙi na lokaci-lokaci, amma ga waɗanda suka biyo baya dole injin ya zama na shekarar motar ko sabo, da duk kayan tace hayaƙinsa; don irin wannan ne GM ta fito da LS3 nau'in E-ROD. A Birtaniya, motar da ta kai shekara 40 ana yafe mata gwajin lafiyar mota na shekara-shekara da ake kira MOT, sai dai idan an yi mata babban sauyi cikin shekara 30 da suka wuce, kuma canza inji zuwa wani iri daban na iya shiga ciki. A Jamus lambar H ta motocin tarihi tana bukatar mota ta zauna kusa da asalinta, injin zamani yakan sa a rasa ta. Kamfanin inshora kuma a gaya masa gaskiya a rubuce, domin sauyin da aka ɓoye na iya sa ya ƙi biya ranar hatsari.

Batun daraja: idan motarka na cikin waɗanda ba su da yawa, tana kuma ɗauke da injinta na asali mai lamba daidai da takarda, kada ka taɓa ta. Nemi wadda injinta ya riga ya mutu ko ya ɓace. Ko ita ma, ajiye duk abin da ka kwance, kuma ka fifita aikin ɗaurewa da noti, wanda za a iya kwancewa, a kan aikin yanka.

Wanne ya dace da wa

Mai MGB, Midget, Spitfire ko wata ƙarama da ba ta wuce tan ɗaya ba, wanda burinsa ya murɗa makulli ta tashi ya yi doguwar tafiya hankali kwance: injin Mazda 2.0 da giyarsa, daga mota ɗaya. Idan wannan aikinka na farko ne, nan ma za ka fara. Idan kana son ƙarin ja kuma ba ka tsoron kayan haɗi, K24. F20C na wanda zai riƙa kai motar filin tsere ne, yana kuma da halin buɗe injin a duba cikinsa kafin a ɗora.

Mai MGB da zuciyarsa ta kafe a kan V8, ya duba Rover V8 kafin LS. Ba sabon inji ba ne, asalinsa Buick ne na farkon shekarun 1960, amma alminiyom ne, bai fi na asali nauyi ba, nau'ukansa na baya suna da injakta, kuma gurbin MGB na shekarun ƙarshe masu bamba ta roba ya fi karɓarsa ba tare da yanka mai yawa ba.

Mai 240Z ko 280Z da ke son gudu mafi yawa a kan kuɗinsa: LS mai jikin alminiyom, tare da R200, ƙarin ƙarafan ƙasa da manyan birki a lissafi ɗaya. Idan kukan silinda shida da turbo ne suka kawo shi, aljihunsa kuma zai ɗauka, 2JZ ko RB26, bisa sanin cewa zai biya fiye, ya jira fiye.

Mai haɗa kwaikwayon Cobra daga tushe: Coyote, sabo a akwati da kunshin wayoyinsa, a shasin da aka zana dominsa.